Nazarin lamari: mai sassaƙar da yaƙi ya cinye aikinsa, da yadda aka tsamo abin da ya rage

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa, Stanisław Szukalski, mai zane ne kuma mai sassaƙa, ɗan ƙasar Poland, wanda ya yi mafi yawan shekarunsa 93 a Amurka. A watan Satumba na 1939 kusan duk abin da hannunsa ya ƙera cikin shekara talatin ya salwanta a Warsaw, babban birnin Poland. Ya ƙara shekara 47 a duniya bayan wannan rana, yana neman hanyar da mutane za su sake ganin aikinsa. Za mu bi lamarin daki-daki: yadda aikin ya taru a wuri guda, abin da ya gwada bayan asarar, da abin da ya dawo da sunansa.

1893 zuwa 1913: ɗan maƙeri tsakanin ƙasashe biyu

An haife shi ranar 13 ga Disamba 1893 a garin Warta. A lokacin babu ƙasa mai suna Poland a taswira, domin Rasha da Jamus da Austriya sun raba ta a tsakaninsu, kuma garinsu yana ɓangaren Rasha. Mahaifinsa maƙeri ne da ya fita neman abinci har ya kai Shikago, inda 'yan Poland suke da unguwanni nasu. A 1907 iyalin suka bi shi can.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya tashi da hannu mai iya sarrafa abu, ya fara ɗaukar darasi a makarantar zane ta Shikago, sannan aka mayar da shi Turai ya shiga babbar makarantar fasaha ta Krakow yana ɗan matashi. Malaminsa na sassaƙa shi ne Konstanty Laszczka. Ba su jitu ba. Ɗalibin ya tsani a sa shi ya kwaikwayi mutumin da aka tsayar a gaban aji, yana cewa aiki daga cikin kai yake fitowa. A 1913 ya koma Shikago.

1913 zuwa 1929: Shikago da littattafai biyu

Shekarun farko na talauci ne. Mota ta kashe mahaifinsa ba da daɗewa ba bayan dawowarsa, kuma shi da bakinsa ya riƙa ba da labarin cewa ya karɓi gawar ya feɗe ta, a nan ya koyi yadda tsoka take kwanciya a kan ƙashi. Abokinsa marubuci Ben Hecht ya rubuta wannan labari, ya kuma siffanta shi a matsayin saurayi mai yunwa da girman kai, wanda ba ya ɗaga wa masu sharhin fasaha ƙafa.

Aiki ɗaya na 1917 ya isa ya nuna irin tunaninsa. Hannu ne na mutum, a buɗe, jijiyoyi duk a miƙe. Yatsu huɗun sun rikiɗe sun zama wasu halittu masu baki kamar na tsuntsu, sun sunkuyo gaba ɗaya za su far wa babban yatsa. Shi kuma babban yatsan ya tsaya shi kaɗai ya fuskance su. Mai sassaƙar ya ce yatsun nan taron jama'a ne marasa fasaha, babban yatsa kuwa mutum guda ne mai ƙirƙira, wanda ba don shi ba hannu ba zai riƙe komai ba. Ba sai an faɗa wa mai kallo wane yatsa ya ɗauki kansa ba.

Salonsa ya haɗa abubuwan da ba a saba haɗawa ba: jikin mutum mai tsoka a murɗe, ado irin na tsofaffin gine-ginen Aztek da Maya na Meziko, da tatsuniyoyin kakannin ƙabilun Slav, waɗanda 'yan Poland suke cikinsu. A 1922 ya auri 'yar wani likita mai hali a Shikago, yunwa ta kau. A 1923 aka buga babban littafi na hotunan ayyukansa, a 1929 aka buga na biyu. Shi ne yake ɗaukar hoton sassaƙe-sassaƙensa da kansa, yana tsara haske yadda yake so inuwa ta faɗi. A lokacin littattafan nan ba su wuce talla ba a wurinsa. A riƙe su a zuciya, za mu dawo kansu.

Akwai kuma batun kayan aiki, wanda duk abin da ya biyo baya ya rataya a kansa. Mai sassaƙa irinsa da yumɓu yake fara gini. Yumɓu ba ya daɗewa, don haka sai a ɗauki siffarsa a zuba filasta. Daga filasta ake kai wa masu zubin tagulla, kuma nan ne kuɗi yake shiga, domin zubi aiki ne na mutane da yawa da wuta da ƙarfe mai tsada. Wanda bai samu mai saye ba yakan tsaya a filasta. Mafi yawan ayyukan mutumin nan a filasta suka tsaya, kowanne kwafi ɗaya tak. Filasta kuwa ko daga kan tebur ya faɗo ya tashi aiki.

1925 zuwa 1936: neman wuri a gida

Poland ta samu 'yancin kai a 1918, sai hankalinsa ya koma can. Ya shiga gasar tsara mutum-mutumin tunawa da Adam Mickiewicz, babban mawaƙin ƙasar, wanda za a kafa a birnin Vilnius, a lokacin yana hannun Poland. Tsarinsa ya zo na ɗaya. Ga abin da ya tsara: mawaƙin kwance tsirara a kan wani dandamali mai hawa-hawa kamar dalar Aztek, gaggafa, alamar ƙasar, tana shan jini daga ƙirjinsa. Gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce ba a taɓa ganin irinsa ba, wasu suka ce cin mutunci ne da maguzanci. Aka sake gasa, aka ba Henryk Kuna aikin. Shi ma nasa ba a kammala ba har yaƙi ya zo.

A 1929 ya yi baje koli a Krakow, ya tara matasa masu zane ya kafa ƙungiya da ya raɗa wa suna Ƙabilar Zuciya Mai Ƙaho. Kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki sunan gargajiya na Slav. Manufarsu a daina kwaikwayon Faris, a rufe makarantun fasaha irin na da, a tono fasaha daga tarihin kakanni kafin zuwan Kiristanci. Suka fitar da mujalla mai suna Krak. A shafukanta, musamman a ƙarshen shekarun 1930, ya rubuta kalaman kishin ƙasa masu tsanani da na ƙin jinin Yahudawa. Ya kuma zana wata alama da ta haɗa gatari da gaggafa, yana so ta zama tutar sabuwar Poland.

Aurensa na farko ya mutu a 1932. Daga baya ya auri wata Ba'amurkiya malamar makaranta, ita ce ta zauna da shi har ƙarshen ranta.

1936 zuwa 1939: an tara komai a wuri ɗaya

A 1936 ya kwashe duk ayyukansa da ba a saya ba, ya tsallaka teku da su zuwa Poland. Abin da ya ja shi alkawari ne na aiki da fatan a buɗe gidan tarihi na ayyukansa shi kaɗai. Ya samu babban ɗakin aiki a Warsaw. Gwamnan lardin Silesiya, Michał Grażyński, ya ba shi ayyuka a birnin Katowice, ciki har da katafaren mutum-mutumin Bolesław Chrobry, sarkin Poland na farko. Ga mutumin da aka hana shi Vilnius, wannan shi ne abin da ya daɗe yana jira: gwamnati ta rungume shi, ayyukansa duka suna ƙarƙashin rufi ɗaya a ƙasar haihuwarsa.

A ma'auni, ga yadda lamarin yake kafin yaƙi. Ayyukan shekara kusan talatin, mafi yawansu filasta da takarda, suna ƙasa ɗaya. Mai ɗaukar nauyinsu ɗaya ne, wato gwamnati. Abin da ya rage a Amurka kaɗan ne: 'yan ayyukan da aka saya ko ya bayar kyauta, da littattafan nan biyu da ke kan kantoci.

Satumba 1939

Jamus ta afka wa Poland ranar 1 ga Satumba. Jiragen yaƙi suka yi ta ruwan bama-bamai a Warsaw har birnin ya miƙa wuya a ƙarshen watan. Bam ya samu ɗakin aikinsa, shi kansa ya ji rauni. Da yake shi da matarsa suna da takardun zama 'yan Amurka, suka fake a ofishin jakadancin Amurka, daga baya suka samu hanyar fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Abin da bam bai farfasa ba, mafi yawansa ya lalace ko ya ɓace a zamanin mamaya. Gwamnatin da ta yi masa alkawari ta tsallaka iyaka ta yi gudun hijira. Yana da shekara 45.

1940 zuwa 1970: abin da ya gwada

Suka sauka a Los Angeles a 1940. Ya ɗan yi ayyukan wucin gadi a kamfanonin fim, yana tsara adon wurin ɗaukar hoto, ya kuma riƙa zanen fuskokin mutane. Wannan ya ciyar da su, bai wuce nan ba.

Hanya ta farko da ya bi don dawo da sunansa ita ce wadda ya sani: tsara manyan gine-ginen tunawa ya miƙa wa hukumomi. Cikinsu akwai wani ƙaton zakara, alamar Faransa, da ya tsara a 1960, yana so Amurkawa su ba Faransa tukuicin mutum-mutumin 'yanci da ke New York. Ba a gina ba. Ya ci gaba a kan wannan hanya har tsufa. A 1979 ya tsara abin tunawa da kisan Katyn, inda jami'an tsaron Tarayyar Sobiyat suka harbe fursunoni 'yan Poland kusan 22,000 a 1940. Mosko ba ta amsa laifin ba sai 1990, kuma gwamnatin kwaminisanci ta Warsaw ba ta yarda a ambaci gaskiyar lamarin ba, balle a kafa masa gini. Ya tsara wani don Fafaroma John Paul na Biyu. Duk a ƙaramin samfuri da takarda suka ƙare.

Kasuwar fasaha ta Amurka ma ta yi gaba ta bar shi. Bayan yaƙi, abin da manyan gidajen tarihi na New York suke nema shi ne zane marar siffar mutum ko dabba, launi da layi kawai. Sassaƙa mai ɗauke da labarin jarumai da tutoci ta koma tana tuna wa mutane gwamnatocin da aka gama yaƙa. Shi kuma bai rage zafin bakinsa ba. Yana zagin Picasso a fili, yana zagin masu sharhi, waɗanda su ne masu riƙe da ƙofar.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci. Daga 1940 ya duƙufa kan wani nazari da ya ƙirƙira, wanda ya samo sunansa daga garin Zermatt na ƙasar Suwizalan. A cewarsa, duk al'adun duniya sun fito ne daga mutanen tsibirin Ista na tekun Pasifik da suka tsira daga ruwan Ɗufana, duk harsuna kuma rassa ne na harshe ɗaya na asali mai kama da tsohon harshen Poland. Ya ƙara da cewa wasu mutane jikokin wani gwaggon biri ne na kan duwatsu, su ne azzaluman tarihi. Ya cika kundi 42 da wannan, da zane kusan 14,000 da ya yi da alƙalami, yana kwafo kayan tarihi na ƙasashe daban-daban. Zanen kam, duk wanda ya gani ya san hannun gwani ne. Hujjar kuwa babu masanin harshe ko na tarihi da ya karɓe ta. Shekara talatin da wani abu suka tafi a nan, a wani ƙaramin gida a kwarin San Fernando na yankin Los Angeles, cikin samfuran gine-ginen da ba a gina ba.

1971 zuwa 1987: wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa

A farkon shekarun 1970 wani matashi mai suna Glenn Bray, mai tara littattafan zanen barkwanci, ya ci karo da ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan nan na Shikago a kantin littattafai. Hotunan suka kama shi. Ya ɗauka mai aikin ya daɗe da mutuwa. Daga baya ya gano tsohon yana raye, kuma tsakanin gidajensu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ya je ya same shi.

Bray ba shi da gidan tarihi, ba shi da muƙami. Abin da yake da shi abokai ne masu zanen barkwanci na bayan fage, irin su Robert Williams da Rick Griffin, mutanen da manyan masu sharhi ba su ɗauke su a bakin komai ba, waɗanda kuma suke girmama iya zana jikin mutum. Wurinsu tsokar nan mai murɗewa da adon Aztek ba tsohon yayi ba ne. Suka riƙa zuwa suna zama suna sauraronsa. Cikinsu akwai George DiCaprio, mai rarraba irin waɗannan littattafai, wanda yakan zo da ƙaramin ɗansa Leonardo.

Matakan da aka ɗauka ƙanana ne. A 1980 Bray da abokiyar zamansa Lena Zwalve suka buga ɗan littafi na ayyukansa da ra'ayoyinsa, a 1982 suka buga wani na zanen fuskoki. A 1980 ɗin ne matarsa ta rasu, abokan nan suka zama su ne danginsa. Bray ya kafa kyamarar bidiyo ya ɗauki sa'o'i masu yawa na tsohon yana magana, yana nuna hotunan ayyukan da suka ƙone yana bayanin kowanne. An yi ƙoƙarin jawo hankalin manyan gidajen tarihi, ba su motsa ba.

Ya rasu ranar 19 ga Mayu 1987 a Burbank, kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya. A 1988 abokansa suka kai tokarsa da ta matarsa tsibirin Ista, suka watsa a Rano Raraku, dutsen da mutanen tsibirin suka sassaƙo manyan mutum-mutumin nan nasu masu ƙaton kai daga jikinsa.

1987 zuwa 2018: bayan mutuwa

Kayansa suka koma hannun Bray da Zwalve. Suka adana takardu da hotuna, suka kuma fara abin da shi bai samu yi ba yana raye: zuba samfuran da suka rage a tagulla, kwafi fiye da ɗaya. A ƙarshen shekarar 2000 gidan tarihin fasaha na Laguna a Kalifoniya ya yi baje kolin ayyukansa, yaron nan Leonardo DiCaprio, wanda ya riga ya zama tauraron fim, ya ɗauki nauyi. A Poland ma an koma kan abin da ya tsira. Akwai ayyukansa a gidan tarihi na birnin Bytom da na ƙasa a Warsaw, akwai kuma a gidan tarihin 'yan Poland da ke Shikago.

A Disamba 2018 Netflix ta fitar da fim na tarihin rayuwarsa, wanda DiCaprio uba da ɗa suka shirya, kuma ƙashin bayansa bidiyon nan ne na Bray. A wajen haɗa fim ɗin aka fito da shafukan mujallar Krak. Abokansa na Kalifoniya ba su iya harshen Poland ba, kuma tsohon da suka sani yana yi musu maganar 'yan'uwantakar bil'adama ne. A cikin fim ɗin an nuna George DiCaprio yana faɗin yadda abin ya dame shi.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Bam ne ya farfasa ayyukan, wannan ba laifinsa ba ne, kuma a 1936 ba shi kaɗai ne bai hango abin da ke tafe ba. Amma girman asarar daga tsarin ajiyar ya fito. Abokan zamaninsa da suka yi ta sayar da ayyukansu, aka zuba su a tagulla aka watsa a birane goma, yaƙi ya ci wasu ya bar wasu. Shi ya riƙe nasa, wani ɓangare don rashin mai saye, wani ɓangare don yana jiran gidan tarihin da zai zama nasa shi kaɗai, sai ya kai su ƙasar da ke tsakanin Hitler da Stalin.

Tsare-tsaren gine-ginen tunawa sun faɗi ne don kowannensu yana buƙatar gwamnati ta ce to, ta ba da fili da kuɗi. Tun Vilnius aka nuna masa yadda wannan hanya take, ya ci gasa aka hana shi gini, amma ya sake bin ta shekara hamsin. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, sai dai a nan ina ganin abin ya wuce hali. Bai san wata hanyar zama babban mai sassaƙa ba in ba ta dandalin birni ba. Kundi 42 kuwa sun ba shi dalilin tashi da safe, sun kuma ba duk mai son kauce masa hujjar cewa tsohon ya zautu.

Abin da ya cece shi shi ne abin da ya fi rainawa. Littafin 1923 da na 1929 an buga su da yawa, sun bazu a kantoci da ɗakunan karatu a nahiyar da bam bai faɗa ba, kwafi ɗaya kuma ya jira fiye da shekara arba'in har ya faɗa hannun wanda ya dace. Duk matakin da ya yi tasiri bayan haka irin wannan ne: ƙaramin littafi, kaset na bidiyo, tagulla mai kwafi da yawa. Babu wanda ya buƙaci izinin minista. Sa'a ma ta taka rawa, domin ba kowane tsoho ne yaron da ke wasa a ɗakinsa yake zama Leonardo DiCaprio ba. Amma ko da sa'ar ta zo, ba don an riga an adana hotuna da bidiyo ba, da babu abin da za a nuna.

Nasarar ba cikakkiya ba ce. Mafi yawan ayyukansa na ƙuruciya, waɗanda su ne mafi ƙarfi, a hoto baƙi da fari kawai ake ganinsu, daga kusurwar da shi ya zaɓa, ba mai iya zagaya su. Kuma injin buga takarda da ya adana hannun nan mai yatsu biyar bai tace komai ba. Mujallar Krak ma an buga ta da yawa, ita ma ta tsira a ɗakunan karatu na Poland, da sunansa a kan kalaman. Alamar gatari da gaggafa da ya zana a shekarun 1930 tana nan a tutoci da rigunan wasu ƙungiyoyin masu tsattsauran kishin ƙasa a Poland, kuma mutane da yawa a can sun san ta tun kafin su taɓa ganin sassaƙarsa ko ɗaya.